Likita, maganin da ya raya ni ya canza min kamanni, ko tiyata za ta gyara?

TAMBAYA: Salam Likita, dan Allah a sakaya sunana. Na fi shekara 15 ina shan maganin ƙanjamau kuma alhamdulillahi gwajina kullum lafiya lau, amma wallahi jikina ya zama wani iri, kumatuna sun lotsa, ƙafafuna sun tsotse jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, ga tumbi, ga wani tozo a bayan wuya. Kowa ya ganni sai ya ce lafiya kika rame haka, har na daina yarda a ɗauke ni hoto. Na ji ana tiyata, shin da gaske tana gyarawa ko dai in ɗan huta da maganin?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Dan girman Allah kar ki ajiye maganin nan ko na kwana ɗaya, in kika daina kitsen fuska ba zai dawo ba, ƙwayar cutar ce za ta dawo, kuma tana iya daina jin maganin gaba ɗaya.

Abin da ke damunki likitoci sun san shi tun wajen 1998, kuma abu biyu ne suka haɗe miki, zubewar kitse a wasu wurare da taruwarsa a wasu. Zubewar kitsen fuska da hannu da ƙafa da mazaunai galibi aikin tsofaffin magunguna ne, musamman sitabudin wanda a kati ake rubuta d4T, sai AZT a bayansa, su suna lalata ɗan injin da ke ba ƙwayoyin kitse ƙarfi ne sai kitsen ya yi ta mutuwa a hankali, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a janye d4T tun 2010. To ki ɗauko robar maganinki ki duba, in har yanzu akwai AZT a ciki ki tambayi likitanki ko zai yiwu a mayar da ke TLD, wato sabon haɗin maganin ƙanjamau. Canjin yana tsayar da ɓarnar, amma gaskiya dawowar kitsen kaɗan-kaɗan ne, shekaru yake ɗauka kuma fuska ba kasafai take cikowa kamar da ba.

Nan ne aikin gyara yake da amfani sosai. Ana ciko kumatu da allura irin Sculptra da Amurka ta amince da ita a 2004 saboda wannan matsalar takamaimai, sai dai ba sau ɗaya ake yi ba kuma bayan kamar shekara 2 sai an sake, ko kuma a ɗebo kitse daga jikinki a dasa a fuskar. Tozon wuya ana zuƙe shi, mutum ya samu ya kwanta rigingine ya juya wuyansa ba wahala, amma wasu yana dawo musu. Kafin a taɓa shi ki faɗa wa likita duk wani magani da kike amfani da shi har na shaƙa na asma, don wasu in suka haɗu da maganin ƙanjamau na ritonabir su ma suna kawo tozo.

Tumbin kuwa kar kowa ya karɓi kuɗinki a kansa. Kitsen yana can ciki ne kewaye da hanji da hanta, bututun zuƙa ba ya kai wa wajen. Motsa jiki da kula da ci ne ke rage shi, akwai kuma allurar Egrifta ta kullum amma ana dainawa yake komowa. Kitsen tumbin ne ma ya fi haɗari, a riƙa duba miki suga da kitsen jini da hawan jini.

Kuma kar wani ya ce miki son kwalliya ne ke damunki. Fuskar da ke tona wa mutum asiri a gaban jama'a tana sa wasu su watsar da magani, Birazil ta gane haka ta sa wannan gyaran cikin aikin asibitocin gwamnati kyauta tun 2004. Ranar da za ki karɓi magani ki tafi da tsohon hotonki ki ajiye wa likita a tebur, ki ce a tura ki wajen ƙwararren likitan gyaran jiki, ban da masu tsira allura a ɗaki.