Tambayi Likita: Sankarar Bakin Mahaifa da Magungunan da Ke Tare Mata Hanyar Girma

Tambaya: Likita, yayata na jinyar sankarar bakin mahaifa, an yi mata gashi (ƙona sankarar da hasken na'ura) amma ciwon ya dawo. An ce akwai maganin da ke hana ƙullin samun jini. Gaskiya ne? Daga wata baiwar Allah, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Allah ya ba ta lafiya, 'yar'uwa. Gaskiya ne. Ƙullin sankara ba ya iya bunƙasa sai da jini, don haka yake fitar da wani sinadari mai suna VEGF wanda ke sa sababbin jijiyoyi su tsiro zuwa gare shi, kamar yadda manomin rani ke jan ruwa zuwa fadamarsa. Maganin bevacizumab yana kama wannan sinadari ya hana shi aiki. A 2014 Amurka ta amince a haɗa shi da kemo (magungunan kashe ƙwayoyin sankara) ga wadda ciwonta ya dawo ko ya yaɗu. A binciken da aka dogara da shi, ƙarin kwanan da aka samu bai kai wata 4 ba. Ba na raina wannan, amma ku sani ba warkewa yake kawowa ba, ga tsada. Yana iya tayar da hawan jini, ya jawo zubar jini, kuma ga wadda aka yi wa gashi akwai haɗarin yoyon fitsari. Ku zauna da likitanta kafin a sayar da gona ko dabba.

Tambaya: Ni ɗalibin aikin jinya ne a Daura. Ta yaya ƙwayar HPV ke haddasa sankara, kuma me ya sa ake maganar EGFR?

Amsa: HPV ƙwayar cuta ce mai nau'i-nau'i; nau'i na 16 da 18 su ne ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Furotin ɗin HPV mai suna E6 yana lalata p53, E7 kuma yana naƙasa Rb, waɗanda su ne ke tsayar da ƙwayar halitta idan ta fara rabuwa ba ƙa'ida. EGFR kuwa furotin ne da ke bangon ƙwayar halitta, shi ke karɓar saƙon "ki girma". Furotin E5 na HPV yana hana a rushe shi, saƙon ya yi ta shigowa ba yankewa. Shi ya sa aka gwada toshe EGFR da magungunan cetuximab da erlotinib, sai dai har yanzu ba su zama maganin da ake bayarwa yau da kullum ba a wannan ciwo.

Tambaya: 'Yata tana da shekara 11, mahaifinta yana ɗari-ɗari da rigakafin HPV.

Amsa: Hajiya, ki lallaba shi. Tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya ce, kyauta, kuma ba ta hana haihuwa. Ke ma in kin kai 30 ki je a duba bakin mahaifarki ko ba ki jin komai, balle in kina ganin jini bayan saduwa.