Ku Tambaye Mu: Miji da mata a jirgin ƙasa na Turai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna shirin zuwa Turai na mako biyu idan an yi hutu. Muna so mu ga Faransa, Sifen, Italiya, Jamus da Ingila, duk a jirgin ƙasa. An ce mana akwai tikiti ɗaya da ake shiga ko'ina da shi. Gaskiya ne? Kuma idan tafiyar dare ta kama, yaya za a yi ban kwana ɗaki ɗaya da wasu maza ba?
Daga wata mai karatu, Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tikitin yana nan, sunansa Eurail Global Pass, na mutanen da ba a Turai suke zaune ba, kuma yana aiki a ƙasashe 33. Kada ku sayi Interrail, wannan na mazauna can ne. Amma kafin batun tikiti, ku fara da biza, domin ita za ta zana muku hanya.

Faransa, Sifen, Italiya da Jamus biza ɗaya ke shigar da mutum cikinsu, wato ta Schengen. Ingila ba ta ciki. Jirgin Eurostar yana kai mutum daga Faris zuwa Landan cikin awa biyu da 'yan mintuna, amma tun a tashar Faris za a duba bizar Ingila, idan babu ba za ku hau ba. Idan kuma bizarku ta Schengen ta shiga sau ɗaya ce, kuna fita zuwa Landan ta ƙare, babu dawowa. Shawararmu ku cire Ingila daga wannan tafiya. Ana neman bizar a ofishin ƙasar da za ku fi daɗewa. In kwanakin sun zo ɗaya, sai ta ƙasar da za ku fara sauka. Kuɗinta yuro 90 kowane mutum, ban da na wakilin da ke karɓar takardu. Za a nemi inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da fasfo mai sauran aƙalla wata 3 bayan ranar dawowarku, da shafi biyu da ba a buga komai ba. Ku haɗa da takardar shaidar aure, musamman in maigida ne zai ɗauki nauyin tafiyar. Ana karɓar takardu tun saura wata 6, don haka kada ku bari sai hutu ya matso.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne ɗaukar tikitin Eurail a matsayin kujera. Izinin hawa ne kawai. Jiragen gudu na Faransa (TGV), na Sifen (AVE), na Italiya (Frecciarossa), da duk jiragen dare, sai an kama kujera daban an biya ƙarin kuɗi, kuma a wasu hanyoyin kujerun da aka ware wa masu Eurail ƙidayayyu ne, lokacin zafin Turai suna ƙarewa da wuri. A Jamus, Ostiriya da Suwizalan kuwa, yawancin jirage hawa kawai ake yi. Saboda haka in zuciyarku ta fi karkata ga Faransa da Sifen, ku kwatanta da sayen tikitin kowace hanya tun da wuri, sau da yawa ya fi araha. In Jamus da maƙwabtanta ne, Eurail ya fi. Wajen kama kujera, ku kama biyun a lokaci ɗaya, in ba haka ba za ku iya samun kanku a tarago daban-daban.

Ƙasa huɗu a mako biyu ma ya yi yawa. Rabin hutun zai tafi a jan akwati. Misali mai kyau: Faris, daga nan Basalona (kimanin awa shida da rabi), Madrid (awa biyu da rabi), sai Kurɗuba (ƙasa da awa biyu) ku ga tsohon masallacin Andalus. Akwai Eurail na kwana 4, 5 ko 7 cikin wata ɗaya, kuma ranar da kuka hau jirgi kaɗai ake ƙirgawa. Yawanci a waya yake zama, cikin manhajar Rail Planner, kuma dole a shigar da kowane jirgi kafin a hau. Wayar da caji ya ƙare daidai take da rashin tikiti, don haka ku riƙe abin caji na hannu.

Batun kwana: jiragen Nightjet na Ostiriya suna da kujerun zaune, da ɗaki mai gado 4 ko 6 da ake haɗa baƙi maza da mata, da ɗakin barci mai gado 1 zuwa 3. Ku kama ɗakin barci na mutum biyu, mai ƙofa da ake kullewa ta ciki da wurin wanke hannu, wanda zai sauƙaƙa muku alwala. In ya ƙare, akwai ɗakin mata zalla, maigida ya kwana a wani. Jirgin dare kwana ɗaya yake ci daga Eurail, na ranar tashi, muddin ba ku canja jirgi bayan sha biyun dare ba.

Faris ba tasha ɗaya gare ta ba kamar Rigasa. Mai zuwa daga arewa yana sauka a Gare du Nord, jirgin Basalona kuma daga Gare de Lyon yake tashi. Ku bar awa ɗaya da rabi tsakani. A Sifen ana bincika kaya da na'ura kafin a hau. Wasu jiragen suna rabuwa biyu a hanya, don haka ku duba lambar taragonku. Babu 'yan dako, kuma akwai matakala, kowa ya ɗauki akwati ɗaya da zai iya ɗagawa da kansa. Fasfo da kuɗi su zauna a jiki, 'yan sane sun fi yawa a manyan tashoshi.

Salla kuwa, kuna da sauƙin ƙasaru da haɗa Azahar da La'asar, amma garin da kuka yi niyyar kwana huɗu a cikinsa sai ku cika. Abincin cikin jirgi yakan ƙunshi naman alade, gara ku sayi guzuri a shagunan Turkawa ko Larabawa na kusa da tasha kafin ku hau.