Jan ƙarfe ko roba: ina mai gyaran famfo zai zuba jarinsa?

Wani mai sana'ar gyaran famfo ya aiko da tambaya. Yana da ɗan shagon kayan aiki, jarinsa bai taka kara ya karya ba, kuma masu gida sun raba masa hankali: wannan ya ce sai bututun jan ƙarfe, wancan ya ce roba ta fi sauƙi. Wanne zai cika shago da shi, wanne kuma zai riƙa sa wa mutane?

Malam, sannu da ƙoƙari. Abin da ke cinye ribar mai gyara shi ne a sake kiransa kan aikin da ya riga ya karɓi kuɗinsa. Ka koma, ka fasa bango, ka sa kayanka, ba ko sisi, ga zubewar mutunci. Da wannan ma'aunin nake so ka auna bututun biyu.

Mafi yawan jarinka ka sa shi a roba. Tana fita da sauri, ba ta da nauyi, aikinta ba ya cin lokaci, saboda haka kuɗinka na juyawa. Amma roba ba iri ɗaya ba ce, kuma nan ne masu gyara da yawa ke yin asara. Irin da ake kira PVC na ruwan sanyi ne da na magudana. Zafin ruwa ya haura digiri 60, sai ya yi laushi, mahaɗinsa ya saki. Ruwan zafi na buƙatar wasu nau'o'in roba: CPVC, ko PEX, ko PPR wanda ake narka bakinsa da inji mai zafin kusan digiri 260 har bututu da gwiwa, wato mahaɗi mai lanƙwasa, su zama abu ɗaya. Kada mai gida ya matsa maka ka sa PVC a layin hita don ya rage kuɗi. Araha ba ta ado, kuma ranar da ya fashe sunanka za a kira. Rana ma abokiyar gabar roba ce. Na tabbata ka taɓa ɗaga bututun da ya yi shekara da shekaru a fili, ya koɗe, ka ɗan murɗa shi ya tsage a hannunka kamar ɓawon ƙwai. PEX ya fi saurin lalacewa a rana, don haka ko a shago kada ka jingine shi a waje.

Jan ƙarfe kaya ne mai kyau, ba na musu. Yana jure zafi da rana, ɓera ba ya cinsa, yakan kai shekara 50 idan ruwan ya dace da shi. Matsalarsa ga ƙaramin ɗan kasuwa ita ce yana danne jari. Farashinsa na bin kasuwar ƙarafa ta duniya, irin ta Landan, yau sama gobe ƙasa, kuma ɓarayi na sonsa saboda ko guntunsa kuɗi ne. Sannan ba kowane ruwa yake so ba. Idan ka ga shuɗi-shuɗi ko kore ya bi bakin famfo da kwanon wanke hannu, ruwan gidan na da tsami, yana cin bututun ta ciki har ya huda shi ƙanana kamar tsinin allura. A irin wannan gida, liƙa sabon jan ƙarfe jinkirta matsala ne kawai.

To, me za ka ajiye na jan ƙarfe? Kaɗan: gwiwoyi, 'yan gajerun bututu, da mahaɗan da ke haɗa shi da roba. Waɗannan mahaɗan su ne sirrin aikin gyara, domin gidan da aka gina da jan ƙarfe ba sai an tone shi duka ba. Dogon bututu kuwa, sai an ba ka aiki an biya kafin alƙalami sannan ka sayo.

Abu biyu kada ka manta. Kada ka ɗaura jan ƙarfe kai tsaye a jikin tsohon bututun ƙarfe. Wurin haɗin zai yi tsatsa ya toshe, sai da mahaɗi mai raba su. Na biyu ya shafi rai: a wasu tsofaffin gidaje, wayar da ke saukar da wutar lantarki ƙasa a jikin bututun ruwa aka ɗaure ta. Ka yanke tsakiya ka sa roba, ka katse wannan kariya. In ka ga waya ɗaure a bututu, ka kira mai gyaran wuta kafin ka sa zarto.

Idan za ka yi wa mai gida lissafi, ka rubuta masa biyu a takarda ɗaya, na jan ƙarfe da na roba, kuɗin kaya daban, ladan aiki daban, ka kuma rubuta irin bututun da sunansa. Guntayen jan ƙarfen da ka cire, ku yi magana tun farko kan wanda zai riƙe su.