Ku Tambaya Mu Amsa: Digiri na Biyu a kan Kisan Ƙare Dangin Yahudawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala digirin farko a fannin tarihi, ina so in yi na biyu a kan kisan ƙare dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, musamman yadda ake tunawa da shi a yau. Ina ake koyar da wannan, kuma me zan tanada?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Jami'o'in da ke koyar da shi da Turanci suna nan: Jami'ar Uppsala a Suwidin tana da kwas na shekara 2, Jami'ar Amsterdam tana koyarwa tare da cibiyar bincike ta NIOD, sai Royal Holloway a Ingila da Jami'ar Haifa a Isra'ila. Mai neman digirin digirgir ya duba Jami'ar Clark a Amurka, wadda ta buɗe nata shirin a 1998.

Amma samun gurbi ba shi ne wahalar ba, harshe ne. Yahudawa kusan miliyan 6 aka kashe, rabinsu mutanen Polan ne, kuma takardun makasan da Jamusanci aka rubuta su, na waɗanda aka kashe kuwa yawanci da Yidish (harshen Yahudawan Gabashin Turai) ko harshen Polan. Ka fara koyon Jamusanci tun kafin ka cika fom, ka mai da hankali ga karatu fiye da magana. Ko ka iya shi ma akwai tarko: jami'an Nazi ba su cika rubuta kisa ƙarara ba. Rubutaccen bayanin taron Wannsee na 20 ga Janairu 1942, inda manyan jami'an Nazi suka tsara yadda za a aiwatar da kisan, yana amfani ne da kalmomi irin su "kwashe" mutane zuwa gabas maimakon ya ambaci kisa. Ɗalibin da ya ɗauki irin wannan takarda a zahirinta ya ɓata hanya tun daga babi na farko.

Batun tunawa da ka ambata, a nan ɗalibai suka fi zamewa, domin suna zaton ya fi sauƙi. Ba za ka iya auna yadda ake tuna abu ba sai ka san abin da kansa. Bayan haka ka zaɓi abu guda ka tsaya a kai. Misali, ka kwatanta dandalin tunawa na Balin, wanda aka buɗe a 2005 da ginshiƙan kankare 2,711 marasa suna, da ƙananan allunan tagulla da Gunter Demnig, wani ɗan fasaha Bajamushe, ke kafawa a ƙofar gidajen da mamatan suka zauna, kowanne da sunan mutum ɗaya, yanzu sun haura 100,000. Tambayar ita ce: wa ya biya kuɗin, wa ya ƙi amincewa, me aka bari ba a faɗa ba? Birnin Munik ya hana kafa allunan a titunansa, wannan gardama kaɗai ta isa kundi.

Madogara da yawa ana samun su ta intanet. Taskar Arolsen a Jamus tana da takardu kusan miliyan 30, Gidauniyar Shoah ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya kuma tana da shaidar bidiyo sama da 50,000 ta waɗanda suka tsira da waɗanda suka gani da idonsu. Shaidar da aka ɗauka bayan shekara 50 tana iya haɗa ranaku ko wurare. A gwada ta da takardu, kada a watsar da ita saboda haka.

Tambaya: Ni Faransanci da Larabci na iya, ban san Jamusanci ba. Akwai inda zan shiga?
Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Akwai, Malama, kuma fili ne da masu aiki a cikinsa ba su da yawa. Gwamnatin Vichy ta Faransa, wadda ta haɗa kai da 'yan Nazi a Yaƙin Duniya na Biyu, ta zartar da dokokin wariyar Yahudawa a Aljeriya da Maroko da Tunisiya, ta kuma kafa sansanonin aikin tilas a bakin Sahara, irin su Bou Arfa a Maroko, don shimfiɗa layin dogon da aka yi niyyar ya haɗa Bahar Rum da kogin Neja. Jamusawa sun mamaye Tunisiya daga Nuwamba 1942 zuwa Mayu 1943. Takardun mulkin Aljeriya suna Aix-en-Provence, na Maroko da Tunisiya kuma a taskar diflomasiyya da ke Nantes, duka a Faransa. Ki rubuta wa malamin da kike so ya duba aikinki tun da wuri, ki faɗa masa sansanin da kika zaɓa da taskar da za ki shiga.