Wane ƙarfen liƙa dalma ya dace da gyaran birenbos?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai wayarin mota ne a Dilimi, Jos, kuma na fara taɓa birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin mota. Ƙarfen liƙin da nake da shi mai wat 40 ne, wanda ake jonawa kai tsaye a soket, har ya ɗage min layin tagulla a kan allo sau biyu. Me ya kamata in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsalar ƙarfenka ita ce ba a saita zafinsa. In ka ajiye shi sai ya yi ta hawa, in kuma ka ɗora shi inda tagulla take da faɗi sai ya huce nan take, kai kuma ka ƙara dannawa kana jira. Wannan jiran ne ke sa layin ya saki.

Nemi mai akwatin saita zafi, wat 60 zuwa 70, irin Hakko FX-888D, amma ka lura, jabunsa sun yi yawa. Baki mai faɗi kamar na sukuddireba, milimita 2 zuwa 3, ya fi mai tsinin allura kai zafi. Don ranar da aka ɗauke wuta, akwai ƙaramin ƙarfen liƙi TS100 mai aiki da bolt 12 zuwa 24, sai dai a batir ɗaya ba shi da ƙarfi, sai a 24.

Dalmar kanta a kula. Mai lamba 63/37, wato kuza kashi 63 da zallar dalma kashi 37, tana narkewa a digiri 183, sai ka saita 320 zuwa 350. Kaurinta kada ya wuce milimita 0.8, ta kasance mai fulos na ƙaro a ciki, wato sinadarin da ke tsabtace wurin liƙi don dalma ta kama. Alluna da yawa na sababbin motoci an liƙa su da haɗin da babu zallar dalma a cikinsa, mai narkewa wajen 217, su sai ka kai 370. Fulos ɗin masu gyaran lagireto kuwa asid ne, yana cin tagulla, bayan watanni ka ga wurin ya yi kore.

Kada ka wuce daƙiƙa uku zuwa huɗu a ƙafa ɗaya. Liƙi mai kyau yana kwantawa sumul, wanda ya dunƙule kamar ƙwayar gero bai kama ba, kuma girgizar hanya za ta tona shi. Iskar hunturun Jos tana ɗauke zafin baki, don haka ka shige ciki, ka bar taga a buɗe saboda hayaƙi.

Sauran kayan: saƙar tagulla mai shanye dalma, gilashin ƙara girma, sifirit na isopropyl don wanke allo, igiyar ɗaurawa a hannu mai sauke wutar jiki, da injin iska mai zafi in za ka ciri IC, wato ƙaramin ɓangaren lantarki mai ƙafafu da yawa da ke kan allo.

A jikin mota, cire kan batir na nagatib tukuna. Wayoyin jakar iska, masu rawayen soket, ba a liƙa su da dalma.