Kuɗin Alhaji na akawun ɗina, zan iya ɗan taɓawa?

TAMBAYA: Salam Barista. Ni lauya ne a Kano, shekarata 2 da fara aiki. Na karɓo wa wani Alhaji bashin miliyan 3 da yake bin wani ɗan kasuwa, kuɗin suka shigo akawun ɗina, shi kuma ya tafi Umara. Ga mai gida ya sako ni gaba kan haya. In na ciri dubu 400 na mayar kafin ya dawo akwai matsala? Dama ina bin sa kuɗin aikina.
Ƙaninka daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka taɓa ko sisi. Kai tun shigar kuɗin akawun ɗinka ma an yi kuskure, don ƙa'idojin aikin lauya, na 2007 da na 2023 da suka maye gurbinsu, duk sun hana ka cakuɗa kuɗin wanda kake wa aiki da naka, asusu daban ake buɗe musu a banki, kuma da sun shigo ka sanar da mai su ba tare da ɓata lokaci ba.

Wannan "zan mayar" ɗin ita ke kai mutane gaban LPDC, kwamitin ladabtar da lauyoyi. Yau haya ce, gobe mota ta lalace, jibi Alhaji ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano yana kiranka kai kuma kana kallon wayar tana ruri ka kasa ɗagawa, to daga ranar da ka fara ƙin ɗaga waya ya fara neman wanda zai rubuta masa takardar ƙorafi. Kwamitin nan na iya yi maka gargaɗi, ko ya dakatar da kai, ko ya sa a goge sunanka daga rajistar Kotun Ƙoli, a kuma ce ka biya kuɗin. Duk wahalar makarantar lauyoyi ta tafi a kan dubu 400.

Batun kana bin sa kuwa, kun rubuta nawa ne? In da baki kuka yi, wallahi ranar rigima cewa zai yi bai san zancen ba. Yau ɗin nan tura masa saƙo ta WhatsApp, ga hoton alat, ga abin da ya shigo, ga kuɗin aikina, ina jiran umarninka. In ya amince a rubuce sai ka ciri naka ka ba shi rasit, saƙon kuma ka adana a fayil.

Hayar kuma je ka samu ogan ofis ɗinku ya ranta maka, shi ma ya taɓa zama sabon lauya.