Katakon alerce: "ai matacciyar bishiya ce" ba hujja ba ce

Tambaya: Malam, ni kafinta ne. Wani dillali a intanet ya yi min tayin katakon alerce, ja mai kyau, ya ce ba ya ruɓewa. Na ji an haramta sare bishiyar, amma ya rantse daga matacciya aka yanko, har da takarda. Hankalina bai kwanta ba. In saya, ko in nemi irin in shuka da kaina?

Amsa: Malam kafinta, kokwantonka yana kan hanya. Kada ka saya.

Kan ingancin katakon dillalin bai yi ƙarya ba. Alerce, wato Fitzroya cupressoides, a kudancin Chile da gefen Ajantina kaɗai take fitowa a daji. Katakonta marar nauyi ne, yana tsagewa santal da gatari, ruwa kuma bai cika cinsa ba. Da fallayensa aka rufe gidaje da coci-coci a tsibirin Chiloé na Chile, har a zamanin mulkin Sifaniya mutane suna biyan bashi da su kamar kuɗi. Ɓawon ciki ma da shi ake toshe kafar jirgin ruwa. Wannan kyan ne ya jawo mata bala'i.

Batun shuka ba zai kai ka ko'ina ba. William Lobb, wani mai tattara tsirrai, ya kai bishiyar Ingila a 1849 don gidan renon tsirrai na Veitch, kuma har yau a yawancin lambunan can ƙaramar bishiyar ado ce. Sai da sanyi da ruwan sama mai yawa take rayuwa, ga nawar girma. A 1993 masana biyu, Antonio Lara da Ricardo Villalba, sun ƙirga zoben shekara 3,622 a kututture guda, wato zobban da bishiya ke ƙarawa ɗaya kowace shekara. Ka ɗauki ɗan guntun katakon ka duba bakinsa: zobban a matse suke kamar gashin kai, faɗin ɗan yatsa ɗaya ya haɗiye shekaru masu yawa. Ko tattaɓa-kunnenka ba zai ci moriyar abin da ka shuka ba.

Sai maganar da ke ƙona min rai, wadda nake ji kullum: wai tunda matacciya ce ba a cutar da kowa ba. Wa ya kashe ta? A 1976 Chile ta ayyana alerce a matsayin abin tarihi na ƙasa, ta hana sare mai rai, amma ta bar ƙofa a buɗe ga wadda ta riga ta mutu, muddin hukumar gandun daji ta CONAF ta ba da izini. Nan ɓarayin katako suka sami abin da suke nema. Sai mutum ya shiga daji ya ɗaye ɓawon bishiya zagaye, ko ya cinna wa gindinta wuta, ya tafi abinsa. Bayan 'yan shekaru ta bushe fat a tsaye, ya dawo da zarto da takardarsa. Da zarar an yi mata falle, ba ka da yadda za ka bambance wadda ta mutu shekara ɗari da wadda aka kashe bara waccan. Kuma ko ta gaskiya ce ta mutu, kuɗin da ka biya shi ke gaya wa na gaba cewa akwai riba a ƙona wata. Bishiyar da ta girmi daular Rum, a kashe ta saboda ƙofa da teburi? Wallahi abin ya yi muni.

Ita takardar ma, ta ina? Alerce tana rukuni na 1 na yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ɓacewa, wanda ya hana cinikinta tsakanin ƙasashe. Izinin sara na cikin gida ba izinin ƙetare iyaka ba ne, kuma kai da ka karɓi kaya kai kwastan za su riƙe, dillali ya kashe waya.

In juriyar ruwa kake nema, nemi katakon Thuja plicata, jan sida na yammacin Kanada da Amurka, daga dajin da aka tantance. Launinsa da sauƙin aikinsa sun yi kusa ƙwarai, kuma ana sayar da shi a fili ba tare da rantsuwa ba.